Ko Sannu Bai Ce Ba

"Babanki ya gama magana," in ji Umma. "Mai firijin nan ba zai sake taka ƙofar gidan nan ba. Ranar Asabar manyan Dakta za su zo."

Tana faɗa tana gyara mini bargo a ƙafa, alhali ni gumi nake yi. Ban daɗe da dawowa daga asibiti ba, har yanzu akwai shatin allurar ƙarin ruwa a bayan hannuna, kuma har yanzu gidanmu bai fita daga halin da yake shiga ba duk lokacin da sikilata ta tashi. An ja labule, an rage muryar talabijin, kowa na magana ƙasa-ƙasa kamar an kwantar da jariri. Na kusa shekara talatin a duniya. Ina koyar da 'yan aji huɗu, da kallo ɗaya nake sa yara su yi tsit. Amma a falon nan, in na miƙa hannu zan ɗauki kofi, sai wani ya riga ni.

"Me ya yi, Umma?"

"Kin fi ni sanin abin da ya yi."

"Ban sani ba. Ki faɗa mini."

Ta zauna a hannun kujera tana dubana, idonta har ya kawo ruwa.

"Da idona na gani, Auta, ba labari aka ba ni ba. Kina kwance kina murƙususu, mutumin nan ya shigo ya ja kujera ya zauna. Ya wuni a wurin. Ko sannu bai ce miki ba. Wanda ya zo duba mai gadon kusa da ke, da bai san ki ba bai san asalinki ba, sai da ya tsaya ya ce miki sannu. Shi kuwa mai cewa yana son ki, ya zauna kamar an dasa shi. Goggonninki suka zo tun daga nesa, ya tare su a bakin ƙofa wai kina hutawa. Washegari kuma sai ga shi da takardun jarrabawar yara da jan biro. Yarinya da allura a hannu, ka kawo mata aiki. Wannan zuciya ce a ƙirjinsa ko ƙanƙarar da yake gyara wa mutane?"

Duk abin da ta lissafa gaskiya ne. Abin da ba ta sani ba shi ne daga wurina ya samo.

Wanda bai taɓa kwanciya da ciwon ƙashi ba, ba zai gane ba. Kowace sannu da aikinta take zuwa. Sai ka buɗe ido, ka lalubo numfashi, ka ce yauwa, ka ɗan saki fuska don mai gaisuwa ya ji daɗi. Sai ka ce da sauƙi, ko da ji kake ana kwankwatsa maka baya da guduma. In ka kasa amsawa a ce jikin ya yi tsanani, a fashe da kuka, kai da ke kwance ka koma lallashin waɗanda ke tsaye. Tun ina ƙarama nake wannan aikin, kuma ba a taɓa ba ni hutu ba.

Wata rana a shagonsa na faɗa masa haka, cikin wasa ma na faɗa. Ni Injiniya nake ce masa don tsokana, tun ranar da ya zo gyaran firijin ɗakin malamai ya bar mana shi yana ƙara kamar tsohuwar mota. Shi kuma Malama yake ce mini. Da na faɗa masa maganar sannu bai ce haba ba, bai yi mini wa'azi ba, ya ci gaba da naɗe wayar da ke hannunsa. Ashe ya riƙe.

Shi ya sa a asibiti ya ajiye kujerarsa daidai inda zan gan shi ba sai na juya wuya ba. In robar ruwan zafin da ke bayana ta huce, kafin in motsa ya ɗauke ta ya sake cikowa. In ruwan da ake ƙara mini ya kusa ƙarewa, ya tashi ya nemo nas. Takardun kuwa ni na aike shi, don in ina gyara kuskuren yara nakan ɗan manta da ƙashina. Ban taɓa hutawa a gadon asibiti irin na wannan kwanciyar ba.

"Umma, ni na ce masa kar ya ce."

"Daina kare shi."

"Wallahi ni na ce."

"Wane ɗan Adam ne yake gajiya da sannu? So ne ya rufe miki ido, har kina ɗaukar laifinsa kina ɗora wa kanki." Ta share hawaye da bakin mayafi. "Kuma ki duba ki gani, duk duniya ba abin da ke tayar miki da ciwo kamar sanyi, ki rasa wanda za ki kwaso mana sai mai sana'ar sanyi."

Da wata rana ce da na yi dariya. Kafin in buɗe baki muka ji ƙarar mota a waje, Umma ta miƙe da sauri tana gyara ɗaurin ɗankwali.

Dakta ba likita ba ne. Babban kemis gare shi a bakin titi, unguwa ta laƙaba masa Dakta, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Ɗan ƙawar Umma ne. An gwada jininsa an gwada na Injiniya, duk ba wanda ke ɗauke da komai, don haka ba ta nan za a raba su ba. Kuma Dakta ba mugu ba ne. Wannan shi ya fi ba ni wahala, don da mugu ne da na samu abin faɗa.

Ya yi sallama ya shigo da leda biyu, ɗaya magunguna ɗaya lemon kwali. Yana ganina ya karkatar da kai gefe guda, ya rage murya.

"Sannu, Auta. Ya jikin? Sannu. Allah sarki, kin rame. Sannu kin ji."

"Yauwa. Da sauƙi. Yauwa."

Na ɗauki kofin ruwana, ya yi wuf ya karɓe ya riƙe mini. Sannan ya juya wajen Umma, don in ana maganata da ita yake yi.

"Umma, na gama gyaran ɗakin ƙasa, ba ita ba hawa bene. Na yi magana da wata nas, za ta riƙa kwana a gidan. Maganar makaranta kuma sai a haƙura, tsayuwar nan da ƙurar alli ba su dace da ita ba. Haihuwa ma ba zan matsa ba, na san hatsarin da ke ciki."

"Allah Ya yi maka albarka," in ji Umma.

"Ni lada nake nema, Umma. Abokaina har cewa suke yi, Dakta, ga lafiyayyu sun cika gari, me ya kai ka? Na ce musu ita ma baiwar Allah ce. In kowa ya gudu, wa zai ɗauke ta? Duk abin da ya rage mata, ta yi shi cikin hutu."

Umma ta fashe da kukan godiya. Ni kuwa ina zaune tsakaninsu da bargo a ƙafa, ina jin ana raba sauran kwanakina a gabana kamar kayan gado. Abin da ya taso mini ba kuka ba ne, baƙin ciki ne zalla.

"Dakta, zan yi maka tambaya."

"Kar ki wahalar da kanki da magana."

"Gajeruwa ce. In aka wayi gari na warke sarai, za ka aure ni?"

Ya yi 'yar dariya. "Ai sikila ba ta barin mutum haka kawai, Auta."

"Na sani. Na fi ka sani. Cewa na yi in."

Ya dubi Umma, ya dubi kofin da ke hannunsa. Na ga yana ƙoƙari tsakaninsa da Allah ya hango ni a tsaye da ƙafata, ina faɗa, ina dariya, ina ƙona masa girki, ina gardama da shi a kan wace tasha za a kalla. Bai iya ba. Matar da yake so a kwance take.

"Wannan ai tambayar yara ce," ya ce. Ya ajiye kofin nesa da ni, ya miƙe. "Bari in shiga wajen Baba mu tsara maganar Asabar."

Yana fita Umma ta juyo kaina.

"Kin kyauta kenan? Mutum ya zo da alheri ki watsa masa ƙasa a ido?"

"Umma, ba ni yake so ba. Ciwona yake so ya aura."

"To ya auri ciwon mana, in dai zai riƙe mini ke da rai." Ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa a gabana, ta kama ƙafafuna ta cikin bargon. "Auta, ni na binne yayanki. Ke kina ƙarama, ba ki san komai ba. Ciwon nan ne ya tashi, muka fita titi da shi a kafaɗar babanki muna tare motoci, babu mai tsayawa. Kafin mu kai ya cika. Da a ce akwai mota a ƙofar gida da yanzu yana nan da 'ya'yansa. Ni ba na neman miki soyayya, ban ƙi a ce ba ni da imani ba. Mota nake nema miki da magani a kusa. Ba zan iya sake wanke ɗana ba. Wallahi ba zan iya ba."

Na sunkuya na rungume kanta, muka yi ta kuka. Ina son Umma fiye da yadda zan iya faɗa, kuma na san duk abin da take yi tsoro ne ke sa ta. Amma tsoronta ya zama ɗaki, ni aka kulle a ciki.

"Ki bar shi ya zo ya yi muku bayani," na ce. "Sau ɗaya kawai. In Baba ya ji daga bakinsa..."

"Ba zai zo ba."

"Zai zo, Umma. In na kira shi zai zo."

Ta ɗago kai, ta kasa haɗa ido da ni.

"Jiya na je shagonsa."

Na janye hannuna daga jikinta.

"Na durƙusa masa, Auta. Ni, da furfurata, a gaban tsofaffin firiji. Na ce ya dubi girman Allah ya bar mini ke. Na ba shi labarin yayanki. Ya ɗaga ni ya ce in tafi gida, ba zan sake ganinsa ba. Ko ba komai yaron yana jin magana."

Ta tashi ta shiga kicin don haɗa wa baƙo abin sha. Na jawo wayata na kira lambarsa. A kashe. Na sake kira, a kashe. Tun jiya nake ganin shirunsa ina cewa aiki ne ya yi masa yawa.

Ban yi tunani ba, don da na yi da ban fita ba. Na yaye bargon, na zura takalmi, na ja mayafi. Ina wucewa ta ƙofar ɗakin Baba ina jin muryar Dakta yana lissafa mutanen da za su zo. Na buɗe ƙofar gida a hankali na fita. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas, iska na kwasar leda a titi. Na san abin da ruwan sama ke yi mini. Na tare tasi na shiga.

Kafin mu isa an fara yayyafi, ina sauka aka tsuge. Daga bakin titi zuwa shagonsa 'yar tafiya ce ta cikin lungu, amma kafin in kai na jiƙe har fata.

Shagon tsukukke ne, tsakanin mai aski da mai facin taya. Firiji marasa ƙofa sun jeru jikin bango, ga tukunyar gas a lungu, ga injinan da ya ciro a tare a ƙarƙashin tebur, ko'ina warin walda da man inji. Yana tsugune bayan wata firiza da sukuddireba a baki. Da ya ɗago ya gan ni, sukuddireban ya faɗi ƙasa.

"Malama? A cikin ruwan nan?"

Ya miƙe ya ciro rigar sanyinsa daga jikin ƙusa ya miƙo mini. Ban karɓa ba.

"Me ya sa ka kashe waya?"

"Saka rigar tukuna."

"Me ya sa ka kashe waya?"

Ya tsaya da rigar a hannu. Idanunsa sun yi ja, gemunsa bai ga kum ba, da gani bai runtsa ba.

"Umma ta zo," ya ce.

"Na sani."

"Gaskiya ta faɗa. Dubi nan, Malama. Dubi abin da na mallaka. Babur ne da ni, wani lokacin sai an tura. Ɗakina yana hawa na uku, bene ba fitila. In ciwon ya tashi ana ruwa irin wannan, a kan me zan ɗauke ki? Dakta na da mota, yana da magani, yana da nas. Zai kula da ke yadda ni ba zan iya ba." Ya kawar da kai. "Tausayinki nake ji. Ba zan so ki wahala a hannuna ba."

Na daɗe ina jin wannan kalma daga bakin mutane, har na ɗauka ta daina yi mini zafi. Daga bakinsa kuwa sai na ji kamar an mare ni.

"Kai ma?"

"Malama..."

"Kai ma, Injiniya? Duk garin nan tausayina ake ji. Maƙwabta na jin tausayina, shugabar makaranta na jin tausayina, mai sayar da katin waya in ya gan ni sai ya girgiza kai. Tausayi bai taɓa yanke mini ba, na ƙoshi da shi har wuya. Mai tausayi tsayawa yake yi a kaina ya leƙo, ya ce Allah sarki, ya koma gida yana jin daɗin kansa. Kai kaɗai ka ja kujera ka zauna daidai da ni. Kai kaɗai kake yi mini faɗa in na yi ba daidai ba. Ka tuna ranar da na ƙi shan ƙwayoyina ka ƙi yi mini magana har yamma? Na koma gida ina murna kamar an ba ni kyauta, don an yi fushi da ni kamar mutum."

Hawaye suka ɓalle mini, ban damu da sharewa ba.

"Yanzu kai da Umma kun zauna a shagon nan kun yanke abin da ya dace da ni. Dakta da Baba suna can suna yanke nasu. Jikina ne, ni nake kwana a cikinsa, ni na san abin da zan iya ɗauka. Ko a waya ba ka tambaye ni ba."

Ya zauna daɓas a kan wata firiza, ya dafe kai da hannu biyu. Ruwa na dukan kwanon rufi har sai mutum ya ɗaga murya.

"Kin san abin da nake yi a asibitin nan in na fita ciko robar ruwa?" ya ce. "Bayan famfo nake zuwa in tsuguna. Ina ganin ki kina cije filo, ni da na saba duk abin da ya lalace in kwance shi in gano inda matsalar take, ga ki a gabana ba abin da zan iya kwancewa. Sai in wanke fuska in dawo in zauna kamar ba komai. Da Umma ta ba ni labarin yayanki, sai na gan ni a titi da ke a kafaɗa ina tare motoci. Tun jiya abin da nake gani kenan."

"To ka ce tsoro kake ji."

Ya ɗauki sukuddireban daga ƙasa yana jujjuya shi.

"Ka ce tsoro kake ji, kar ka ce mini tausayi. Ni ma tsoron nake ji. Duk ranar da na ji ɗan zafi a gwiwa sai na ce ko ita ce wannan. Tsoro ba abin kunya ba ne, mu ji shi tare. In kuma ka gaji ne, ka ga ba za ka iya ba, ka faɗa mini a fuskata, wallahi ba zan riƙe ka ba. Amma kar ka gudu ka ce don ni ka yi."

"Ban gaji ba."

"To me?"

"Tsoro nake ji," ya ce. "Ina jin tsoro, Malama. Kuma tun jiya da na ce wa Umma na haƙura, ko ruwa bai wuce maƙogwarona ba."

Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ji sikilar ta motsa. Daga ƙasan bayana ta fara, can cikin ƙashi, kamar ana ɗaure ƙusa a hankali. Na san ta sarai. Na dafa murfin firijin da ke kusa da ni, na lumshe ido.

Bai tambaye ni ko lafiya ba. Ya lulluɓa mini rigar sanyin, ya jawo kujera ya zaunar da ni, ya jona butar lantarki. Ya kunna wayarsa, ya leƙa waje. Lungun ya zama kogi, ko mai keke babu.

"Tasi ba za ta shigo nan ba," ya ce. "Babur kuma ba zan ɗora ki a kai ba."

"Kira Dakta."

Ya juyo ya dube ni.

"Yana gidanmu, motarsa na ƙofa, kuma babba ce, za ta iya shigowa. Kira shi. Ba na jin kunyar shiga motar kowa, mota ba miji ba ce."

Na ba shi lambar. Na ji shi yana gaishe da mutumin da ranar Asabar manyansa za su zo neman aurena, yana yi masa kwatancen lungu dalla-dalla. Ya zuba ruwan zafi a gorar roba, ya naɗe ta da tsumma mai tsabta ya sa mini a baya. Sannan ya tsuguna a gabana bai ƙara cewa komai ba.

Kafin su iso ciwon ya hau cinyoyina, ya kama haƙarƙarina. Na ji ƙarar mota a bakin shago, ƙofofi na buɗewa. Umma ce ta fara shigowa, ko lema babu.

"Ka yi mini alkawari," ta ce masa, tana haki. "Na durƙusa maka. Ka kirawo mini ita cikin ruwa don ka ƙarasa ta?"

"Ni na zo, Umma," na ce da ƙyar.

"Yi shiru, Auta, kar ki yi magana."

Dakta ya shigo yana sannu, sannu, ya miƙo hannu zai ɗaga ni. Baba na tsaye a bakin ƙofa, ruwa na zuba daga bakin hularsa. Baba mutum ne mai ƙarancin magana, tun rasuwar yayana duk abin da Umma ta ce a kan lafiyata to kawai yake cewa.

Na ƙanƙame hannun firijin da duk ƙarfin da ya rage mini.

"Baba, in bai shiga motar nan ba, ni ma ba zan shiga ba."

"Kin haukace?" in ji Umma.

"Ba zan shiga ba. Ku bar ni a nan."

Na san abin da nake yi ba daidai ba ne. Amma ba ni da wani makami, ciwon nan kaɗai ake saurara a jikina. Umma na kuka tana ɓamɓarar yatsuna, Dakta na cewa motar ba wuri, ni kuma ina riƙe ina ganin duhu-duhu.

Injiniya ne ya matso ya tsuguna daidai fuskata.

"Saki," ya ce.

Na girgiza kai.

"Saki, Malama. Ba za ki yi ciniki da jikinki a kaina ba, ban yarda ba. Shiga mota. Ina bayanku. In an kore ni daga ɗaki zan zauna a baranda, in an kore ni daga baranda zan tsaya a bakin get. Na janye alkawarin da na yi." Ya ɗaga kai ya dubi Umma. "Ki yafe mini, Umma. Na yi miki alkawari da abin da ba nawa ba ne ni kaɗai."

Na saki.

Aka kwantar da ni a kujerar baya, kaina a cinyar Umma. Baba ya zauna gaba, Dakta ya ja mota. Kowane rami muka faɗa sai na ji shi a tsakiyar ƙashina. Umma na shafa kaina tana addu'a, Dakta na duba madubi yana cewa sannu, an kusa, sannu. Ban amsa ko ɗaya ba.

Mun hau babban titi Umma ta waiwaya, ta daɗe tana kallon gilashin baya.

"Yaron nan zai kashe kansa," ta ce a hankali.

Na yunƙura na ɗaga kai. Ta cikin ruwan da ke zuba a gilashi na hango fitila guda tana biye da mu. Ba hular kwano, ba rigar ruwa, rigar sanyinsa ma tana jikina. Wata babbar mota ta wuce ta watsa masa ruwa, babur ɗin ya yi tangal-tangal kamar zai kife, ya daidaita, ya ci gaba da binmu.

Baba ma ya juya yana kallo. Bai juyo da sauri ba.

"Tsaya," ya ce.

"Baba, a irin wannan hali ko minti ɗaya yana da muhimmanci," in ji Dakta, bai ɗaga ƙafa daga mai ba. "Ita ce za ta sha wahalar tsayawar. Dubi yadda take."

Gaskiya ya faɗa, kuma Baba ya san gaskiya ce. Na ga hannunsa ya damƙe bayan kujera har jijiyoyi sun tashi. Shi ne ya taɓa tsayawa a titi da ɗa a kafaɗa. Na ɗauka zai ce to kamar kullum.

Sai ya sunkuyo da kansa tsakanin kujeru, ya dube ni cikin ido.

"Ke ce ke jin ciwon," ya ce. "A tsaya ko a wuce?"

Na nemo numfashi daga inda yake, sai da na yi ƙoƙari sau biyu kafin muryar ta fito.

"A tsaya."

Motar ta gangara gefen titi. Na ji babur ya tsaya a bayanmu, na ji an jingina shi da wani abu, na ji takun gudu cikin ruwa. Baba ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar baya, iska mai sanyi ta shigo ta soke ni har ƙashi. Injiniya na tsaye a wurin yana karkarwa, ruwa na ɗiga daga gemunsa, bai shigo ba, Umma yake kallo.

Umma ba ta dube shi ba. Ta daɗe tana kallon fuskata. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauke jakarta daga kan kujera.